JA DA BAYA GA RAGO BA TSORO BA NE

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in tsoma baki cikin wata gardama wadda ta daɗe tana hana mu barci a ɗakunan kwana, tana kuma hana masu shayin Jimeta kwashe tebur da wuri. Gardamar kuwa ita ce, in ƙaramar ƙungiyar tamaula ta gamu da wadda ta fi ta ƙarfi, shin daidai ne ta koma gida ta tsare ragarta, ko kuwa yin haka ragwanci ne da zub da mutunci? Kada wani ya ce maganar wasa ce, ba ta cancanci takarda ba. Yawancinmu nan gaba kaɗan za a tura mu makarantu, kuma ko mun so ko mun ƙi, wata rana hedimasta zai miƙa mana usur da ƙwallo ya ce, "Malam, ga yara nan." Abin da za mu faɗa wa yaran nan ran da suka tsaya gaban waɗanda suka fi su, shi ne ainihin abin da a ke gardama a kai.

Duk wanda ya ke Yola ko Jimeta daren Lahadi, 11 ga Fabrairu 2024, ya san ranar da maganar nan ta yi zafi. A daren nan ne Nijeriya ta kara da Kwaddebuwa a Abijan, wasan ƙarshe na Kofin Afirka. Ni ina cikin wani gidan kallo, mun cika shi maƙil, ga zufa, ga ƙarar janareto. A minti na 38 Troost-Ekong ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga, ihu ya kusa ɗage rufin kwano. Daga nan sai 'yan wasanmu suka lafe a gida, masu masauki suka yi ta kawo hari kamar ƙudan zuma. Kessié ya rama a minti na 62, Haller ya ƙara a na 81, aka tashi 2 da 1, kowa ya fito jiki a sanyaye.

Da muka zauna wurin mai shayi sai wani saurayi mai tuƙa keke ya buga tebur ya ce, "Wallahi tsoro ne ya kashe mu! Ana da mutum kamar Osimhen, a bar shi a gaba shi kaɗai kamar maraya?" Wani dattijo tela da ke gefe ya aje kofinsa ya ce, "Sannu, yaro. Wannan tsoron da ka ke zagi, ba shi ya kawo ka wasan ƙarshe ba? Ran da muka ci Kamaru ai da kekenka ka hana unguwa barci, ban ji ka ce tsoro ba." Saurayi ya ce, "Baba, ka gafarce ni, amma gara a ci ni ina faɗa da a ci ni ina ɓuya." Aka yi ta yi har mai shayi ya kashe wuta, ba wanda ya sauko. Ni kuwa tun daga ran nan na ke juya maganar, na ga kowannensu yana riƙe da yankin gaskiya, amma yankin dattijo ya fi girma.

Mu fara da lissafin gasar nan ita kanta. Bayan mun yi kunnen doki 1 da 1 da Ikwatoriyal Gini a wasan farko, sai mai horarwa, José Peseiro, ya ƙara mutum a baya, ya tsayad da uku a tsakiyar gida. Daga nan muka ci Kwaddebuwa 1 da 0, Gini Bisau 1 da 0, Kamaru 2 da 0, Angola 1 da 0. Wasa huɗu a jere ba a taɓa ragar Nwabali ba. Afirka ta Kudu ma da fanareti ta samu ta rama a minti na 90, muka fitad da ita a bugun ƙarshe. Watau cikin wasa shida ƙwallo biyu kaɗai aka zura mana. Wanda ya ci moriyar ganga wasa shida, bai kamata ya ya da kwaurenta don wasa ɗaya ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, mu da ke kiran tsare gida ragwanci, al'adarmu ba ta kira shi haka ba. Dubi ɗan dambe. Hannun da ya naɗe da kara shi ne mashinsa, ɗayan kuwa da ya miƙa a buɗe shi ne garkuwarsa, ba kuma wanda ya taɓa cewa ɗan dambe matsoraci ne don ya kare fuska yana jiran abokin karawa ya yi sake. Dubi mai kwalekwale a Binuwai cikin watan Satumba, sa'ad da kogi ya cika ya batse. Ba ya cewa shi namiji ne ya yanki ruwa kai tsaye. Ya kan bi gaɓa ya haura sama, sa'an nan ya karkata, ya bar ƙarfin ruwan nan da kansa ya kai shi mashigi. Ko filin da mu ke taruwa a Jimeta, Dandalin Ribadu, ai sunan marigayi Alhaji Muhammadu Ribadu gare shi, wanda ya rasu a 1965 yana Ministan Tsaro. In tsaro abin kunya ne, da ba a naɗa masa minista ba.

A ƙasashen Turai ma dabarar nan masu ƙaramin ƙarfi ne suka fara ta. Wani mai horarwa, Karl Rappan, ya lura 'yan wasan Suwizalan ba su kai na maƙwabtansu gwaninta ba, sai ya janye mutum guda ya aje shi bayan 'yan baya, ya zama shi ke share duk abin da ya kuɓuce musu. Aka sa wa tsarin suna da ma'anarsa ita ce sakata, irin ta ƙofa. Da shi Suwizalan ta fitad da Jamus 4 da 2 a Kofin Duniya na 1938. Italiyawa suka ɗauka suka kyautata, har Inter ta Milan, a hannun Helenio Herrera, ta ci Kofin Turai a 1964 da 1965. A 2004 Girka, wadda ba wanda ya sa ta a lissafi, ta ci Faransa 1 da 0, ta ci Cek 1 da 0, ta ci Fotugal 1 da 0 a gidanta, ta ɗauke kofin nahiyar.

In kuwa ana son misali na kusa, ga Maroko a Kofin Duniya na 2022 a Katar. Ran da ta gamu da Sifen, Sifaniyawa sun miƙa wa juna ƙwallo fiye da sau dubu cikin minti 120, amma ba su sami ƙofa ba, Maroko ta fitad da su a bugun fanareti 3 da 0. Ta ci Fotugal 1 da 0, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Kafin ta gamu da Faransa, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta cikin wasa biyar, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida bisa kuskure. Ina tambayar 'yan'uwana, a daren da Maroko ta ci Fotugal, wa ya ji an ce matsorata a Jambutu ko Doubeli? Murna kawai aka yi. Ashe ba tsare gida mu ke ƙi ba, faɗuwa mu ke ƙi.

Dalilin da dabarar ke aiki ba boyayye ba ne. Ƙwallo ta fi mutum gudu. In waɗanda suka fi ku iya miƙa ta suka sami fili, za su sa ku yi ta bin inuwa, kuma a zafin Yola na watan Afrilu, da ma'auni kan wuce 40, ba yaron da zai yi minti 90 yana haka. Amma in kun matsu wuri guda, 'yan tsakiya kusa da 'yan baya, tsakaninku bai fi taku goma sha biyar ba, kun toshe tsakiya kun bar musu gefe, to, ƙwallon ce za ta yi ta yawo, ku kuwa kuna ɗan gusawa dama da hagu. Da sun gaji da ƙwanƙwasa ƙofa sai su turo 'yan bayansu gaba, bayan gidansu ya zama fili fetal. Nan ne ɗanku mai gudu zai sami rabonsa.

Mu a nan mun fi kowa bukatar sanin wannan. Adamawa United ta hau babban rukunin ƙasa a 2019, ta faɗo a 2021. A rukunin nan ƙungiya ta kan tashi daga Yola a mota, ta wuni ta kwana bisa hanya, ta sauka Aba gaban Enyimba wadda ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, ko ta sauka Kano gaban Pillars wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu. Mutumin da ya ce wa gajiyayyun yaran nan su buɗe gida su yi musayar naushi da irin waɗannan a gaban jama'arsu, ba ƙaunarsu ya ke yi ba. Maki ɗaya da aka ɗauko daga waje shi kan raba mai zama da mai faɗuwa a ƙarshen shekara.

To, amma kada in yi wa saurayin nan mai keke rashin adalci, gama yana da hujja, kuma mai ƙarfi ce. Na farko, ɗan kallo kuɗinsa ya biya, ya bar aikinsa, ba don ya ga mutum goma sun yi katanga ba. Na biyu, sakata kan karye. Inter ɗin nan da na yaba, a 1967 a Lisbon ta ci Celtic ta Sikotilan tun a minti na 7, ta koma gida ta rufe ƙofa, Celtic ta yi ta bugu har ƙofa ta ɓalle, aka tashi 2 da 1. Mu ma mun ɗanɗana. A Kofin Duniya na 1994 a Amurka, Amunike ya ci Italiya, muka riƙe har saura minti biyu, Italiya kuma da mutum goma, sai Baggio ya rama, ya ƙara a ƙarin lokaci. A gasar Atlanta ta 1996 kuwa, Burazil na gabanmu 3 da 1, da mun zauna tsare mutunci da ba mu rama mun ci 4 da 3 ba, balle mu ɗauko zinariya.

Na uku, masu dokar wasa da kansu sun rage wa mai tsare gida riba. Dā maki biyu a ke ba wanda ya ci, ɗaya ga kunnen doki. Ingila ta mai da na ci uku a 1981, Kofin Duniya ya bi a 1994. A 1992 kuma aka hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansa ya mayar masa da ƙafa. Ga ɗan lissafi ga masu son lissafi: ƙungiyar da ta yi kunnen doki a wasa 38 duka tana da maki 38, wadda kuwa ta ci 13 aka ci ta 25 tana da 39. Watau wanda ya mai da tsare gida abincinsa na kullum, a ƙasan tebur zai kwana.

Saboda haka ra'ayina shi ne, tsare gida gaban wanda ya fi ka hikima ce, amma da sharuɗɗa huɗu. Hausawa sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. In an rubuta rago da raggo, harafi guda ne ya raba su, amma a fili bambancinsu ya kai nisan Yola da Legas. Dukansu su kan ja da baya. Rago ya kan dawo da ƙaho, raggo kuwa in ya ja ya tafi ke nan.

Sharaɗi na farko, a auna da gaskiya, shin sun fi mu ɗin? A nan ne na ke ganin saurayin nan ya ci gardama game da daren Abijan. Kwaddebuwar da muka lafe wa, mun ci ta a gasar nan ran 18 ga Janairu, Ikwatoriyal Gini ta zura mata 4 da 0, har ta sallami mai horar da ita ana tsakiyar gasa. Jama'arta ce ta fi tamu yawa a filin, amma ƙafa da ƙafa ba ta fi mu ba. Mun ba ta girman da ba ta kawo ba, muka kuma ba ta da wuri, saura fiye da rabin wasa. Maganin da ya warkad da zazzaɓi jiya, in an sha shi ba ciwo, shi kan zama cuta.

Na biyu, garkuwa ba ta tafiya ba mashi. Kowane ɗan wasa ya san inda zai aika ƙwallo da zarar an ƙwace ta, da wanda zai ruga, da waɗanda za su bi bayansa. In 'yan baya suna dokan ƙwallo sama kawai don su huta, nan take za ta dawo musu, kuma kome ƙarfin katanga, yau da gobe ruwa kan ci ta.

Na uku, sai an koya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsare gida ya fi kai hari wuyar koyo, domin a hari mutum ɗaya mai gwaninta ya isa, a tsaro kuwa mutum ɗaya mai gyangyaɗi ya isa ya rusa aikin goma. Tara yara gaban raga ba tare da kowa ya san wurinsa ba, taron kasuwa ne.

Na huɗu, kuma shi ya fi duka a wurinmu malamai, a yi shi da tsabta. Tare hanya da ƙwace ƙwallo halal ne. Amma kwanciya a ƙasa da ciwon ƙarya, da ɓoye ƙwallo in ta fita, da taka ƙafar yaron da ya gagare ka, da kewaye alƙali da hayaniya, waɗannan ba tsaro ba ne, ha'inci ne. Yawancin abin da 'yan kallo ke ƙi ke nan, su kira shi tsare gida.

In kuwa ana neman abin kunya na gaskiya a tamaula, mun gan shi, kuma a buɗe gida aka yi shi. A watan Yuli 2013, a wasannin neman hawa rukuni a Bauchi, ƙungiyoyi biyu suka yi daidai a maki, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba su. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da 0, Police Machine ta nan Adamawa ta ci Bubayaro 67 da 0. An tafi hutu ana 7 da 0 da 6 da 0, sauran duk bayan hutu aka zura su. Duniya ta yi mana dariya, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta kori 'yan wasan har abada, ta dakatad da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Ku gwada yaron da ya tsaya minti 90 yana sa ƙirji gaban ƙwallo don kada a ci garinsu, da wanda ya kauce ya bar ta ta wuce. Wanne ne raggo?

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ko wani ya tsira. Lokacin da aka tura ni koyon aikin koyarwa wata makarantar ƙauye a bakin kogi, aka ba ni yara in kai su wasa da wata babbar makarantar gari. Yarana rabinsu ba takalmi, waɗancan kuwa har da masu jiran canji a benci. Ni da zafin kai na ce musu, "Kada in ga wanda ya koma baya, mu ba matsorata ba ne." Suka bi maganata, don malam ne ya faɗa. Aka zura mana bakwai. A mota ba mai magana, sai golanmu, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya ɗago kai ido jawur ya ce, "Malam, ni kaɗai kuka bari." Har yau maganar nan tana sukana. Mutuncina na je karewa, na saye shi da hawayen yara. Da za a sake karawa muka yi mako uku muna koyon tsayuwa, kowa da wurinsa, muka aje yara biyu masu gudu a gaba. An ci mu dai, 2 da 1, amma mu muka fara ci, kuma da waƙa muka koma gida. Ba wanda ya bar zuwa fili bayan wannan, alhali bayan na farko uku sun daina.

Sai dai in ƙara gargaɗi guda. Ƙananan yara na firamare a bar su su yi wasa, su yi yanka, su yi kuskure, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kuma yaron da aka hana taɓa ƙwallo yana ƙarami ba zai iya ta da girma ba. Dabarar tsaro ta manyan yara ce, ta ranar gasa, gaban wanda ya fi su. Ran da kuka gamu da tsaranku ko na ƙasa da ku, ku buɗe ku yi wasa, jama'a su ji daɗi.

Ya ku 'yan'uwana, abin da yaro ya koya a fili shi zai kai kasuwa da ofis da gidan aure. In mun koya masa cewa namiji shi ne mai rufe ido ya afka, mun cuce shi. In mun koya masa ya ɓuya ya yi ha'inci, mun fi cutarsa. Amma in ya koyi auna ƙarfinsa da gaskiya, ya yi haƙuri a wurin da aka tsayad da shi, ya rufa wa ɗan'uwansa baya, sa'an nan ya yi wuf ran da dama ta zo, to, mun sauke nauyin da aka ɗora mana, ko da ba mu kawo kofi ba. Na san akwai waɗanda ba su yarda da ni ba, musamman abokaina na ɗakin kwana masu goyon bayan saurayin nan. Ga fili ga mai doki, su ɗauki alƙalami su amsa a fitowa ta gaba, in Edita ya yarda. Allah ya ba mu ikon gane inda ƙarfinmu ya tsaya, amin.